Yadda za ku shirya wasan kwaikwayon Orfe da Eridis a lakwal

Labarin Girkawa ne na da can. Orfe makaɗi ne daga ƙasar Tiras, maciji ya sari amaryarsa Eridis ta mutu. Ya bi ta ƙasar matattu, ya yi kiɗa har sarkin wurin, Hades, da matarsa Farsefon suka ji tausayinsa. Suka ba shi ita bisa sharaɗi guda: ya wuce gaba, kada ya waiwaya sai sun fito sarari. Dab da fita ya waiwaya, ta koma.

Ƴan wasa shida sun isa: Orfe, Eridis, Hades, Farsefon, Karon mai fiton matattu a jirgin ruwa, da mai ba da labari. Ku ƙara ƴan amshi kamar takwas. Minti 25 ya wadatar. Ku raba fage biyu da baƙin zane, gefe guda duniya, ɗayan ƙasar matattu. Kada a ce "lahira" a bakin ƴan wasa. Iyayen yara a Maradi ba za su so a gauraya tatsuniya da addini ba, kuma suna da gaskiya. Mai ba da labari ya buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", kowa ya san inda aka dosa. Abin kiɗan Orfe mai tsirkiya ne, don haka gurmi ya dace. Goge da garaya kan kai hankalin wasu ga bori. Sarbar, kare mai kai uku da ke gadin ƙofar ƙasar matattu, a bar shi a bakin mai labari, domin in yaro ya sa kayan kare dariya za ta ɓarke.

Waiwayen shi ne wasan duka, nan za ku kashe rabin lokacin gwaji. Hades ya faɗi sharaɗin sau biyu, da ƙarfi, a hankali. Eridis ta bi bayan Orfe da tazarar taku huɗu, ba takalmi, ba awarwaro, don kada ya ji motsinta. In ƴan kallo suna jin sawunta, to shi ma yana ji, waiwayen ya zama wauta. Tafiyar ta kai minti biyu, kiɗa na raguwa har ya ɗauke. Ya tsaya sau biyu kamar zai juya, ya daure, sai a na uku. Ovid, mawaƙin Rum da ya rubuta labarin, ya ce tsoron kada ta gaza da ɗokin ganinta ne suka juya shi. Wannan ɗan wasan zai riƙe a ransa. Kalma guda Eridis za ta faɗa, ta ban kwana, ƴan amshi su ja ta bayan zane.

Yara za su roƙi a dawo da ita. An taɓa yin haka: a wasan waƙa na makaɗi Gluck da aka nuna a birnin Biyana na Ostiriya a 1762, an rayar da ita. Ku riƙe ƙarshen Ovid, inda ta koma ƙasar matattu, sannan bayan wasa ku tambayi aji wa zai iya kaiwa ƙofa bai juya ba.