Yadda ake hana manhajar shago lalacewa a kwamfutar mai shago

Yawancin matasan da suke koyon rubuta manhaja a nan Kumasi da lissafin shago suke farawa: kaya nawa suka shigo, nawa suka fita, wa ake bi bashi, a buga rasit. Python, harshen rubuta manhaja, da Tkinter mai zana taga da maɓallai, da SQLite mai ajiye bayanai a fayil guda, sun ishe su wannan aiki. A laftof ɗinsu komai yana tafiya daidai. Sai an kai manhajar shagon Alhaji a Suame Magazine, unguwar makanikai, ko wurin Hajiya mai atamfa a kasuwar Kejetia, sannan a kira waya da sassafe a ce kayan da aka shigar jiya babu ko ɗaya. Ba zan koya maka jera maɓallai a kan taga ba, na ɗauka ka iya. Abin da ke faruwa bayan manhajar ta bar hannunka shi ne maganarmu.

Kafin ka rubuta layi ɗaya, je ka ga kwamfutar da za a ɗora manhajar a kai. Kada ka tambaya ta waya, domin amsar ba za ta wuce "ai Dell ce" ba. Buɗe bayanan na'urar da kanka ka duba wace Windows ce, kuma mai bit 32 ce ko 64. Har yanzu akwai laftof 'yan gwanjo masu Windows 7 a shaguna, duk da Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. Idan ita ka tarar, Python 3.8 ce iyakarka, domin daga 3.9 zuwa sama ba sa tashi a kanta. Kuma abin da ka haɗa da Python mai 64 ba zai buɗe a na'ura mai 32 ba, amma na 32 yana aiki a duka biyun. Ka haɗa da mai 32 ka huta, manhajar shago ba ta buƙatar ƙarfin da ya fi haka.

Yanzu ga inda kusan kowa yake faɗuwa: ina fayil ɗin bayanan yake zaune?

Mai koyo yakan rubuta `sqlite3.connect("shago.db")` ya wuce abinsa. Wannan suna ba shi da cikakken adireshi, don haka Python za ta neme shi a foldar da aka tayar da manhajar daga cikinta, ba lallai foldar da manhajar take ba. A laftof ɗinka su biyun ɗaya ne, shi ya sa ba ka ga komai ba. A shago kuwa yaron Alhaji daga tambarin da ke fuskar kwamfuta yake dannawa, wata rana kuma daga wani wuri dabam. SQLite kuma ba ta yin ƙorafi idan ba ta ga fayil ba, sabo fanko take ƙirƙirawa shiru. Daga nan sai ka ga saƙon "no such table", ko kuma, idan manhajarka tana gina teburori da kanta duk lokacin da ta tashi, ta buɗe lafiya lau babu kaya ko ɗaya a ciki. Bayanan jiya ba su ɓace ba. Bincika sunan fayil ɗin a duk kwamfutar, za ka tarar da shago.db biyu ko uku a wurare dabam-dabam, mafi nauyi a cikinsu shi ne na gaskiya.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na PyInstaller, mai ƙunshe manhajar ta yadda za ta tashi a kwamfutar da babu Python. Idan ka haɗa da `--onefile`, duk lokacin da aka buɗe manhajar tana kwance kayanta ne a wata foldar wucin gadi mai suna da ya fara da `_MEI`, idan aka rufe ta kuma ta share foldar, kamar mai talla da ke shimfiɗa tabarma da safe ya naɗe abarsa da yamma. Wanda ya cusa shago.db cikin ƙunshin da `--add-data`, yake kuma buɗe shi daga can, a kan wannan tabarmar yake rubuta cinikin yini guda. Babu saƙon kuskure ko ɗaya. Rasit yana fita, lissafi yana daidai har Magariba. Ana rufe manhajar komai ya tafi, kuma wannan karon babu inda za ka samo shi. Gwajinka bai kama matsalar ba saboda ka buɗe, ka shigar da kaya, ka ga sun bayyana, ka ce an gama. Ba ka rufe ka sake buɗewa ba.

Na uku shi ne wanda ya ajiye fayil ɗin kusa da manhajar a cikin Program Files. Windows ba ta barin kowa ya yi rubutu a nan sai mai ikon shugaban na'ura, wato Administrator, sai ka ga "attempt to write a readonly database" ko "unable to open database file". Maganin da ake yawan bayarwa shi ne a riƙa buɗe manhajar da ikon shugaba. Kada ka yi haka. Ranar da yaron shago ya manta, matsalar ta dawo, kuma ka ba wa manhajar rasit ikon taɓa komai a kwamfutar ba gaira ba dalili.

Gyaran ukun duka ɗaya ne: ka raba kayan manhaja da kayan mai shago. Hotuna da tambari da samfurin rasit kayan manhaja ne, karanta su kawai ake yi, su ne za su shiga ƙunshi. Abin da ake rubutawa kuwa gidansa dabam:

```
import os, sys, sqlite3
from pathlib import Path

gida = Path(os.getenv("LOCALAPPDATA")) / "LissafinShago"
gida.mkdir(parents=True, exist_ok=True)
con = sqlite3.connect(gida / "shago.db")

def kayan_manhaja(suna):
    nan = os.path.dirname(os.path.abspath(__file__))
    return os.path.join(getattr(sys, "_MEIPASS", nan), suna)
```

Abu biyu za ka kula da su a nan. Wannan folda ta mai amfani ɗaya ce, don haka idan Alhaji yana shiga kwamfutar da sunansa, yaronsa kuma da nasa, kowa lissafinsa dabam zai gani. In haka ne sai ka koma ProgramData, foldar da duk masu shiga kwamfutar suke tarayya a kai, ka ba foldar izinin rubutu ga kowa lokacin girkawa. Na biyu, AppData, inda wannan folda take zaune, a ɓoye take. Ranar da aka kai kwamfutar unguwar Adum a wanke ta a sake Windows, mai gyara zai kwashe hotuna da abin da ya gani a Desktop da Documents, ba zai leƙa AppData ba, domin bai san akwai dukiya a ciki ba. Saboda haka ka sa maɓalli ɗaya a manhajar da zai kira `os.startfile(gida)`, ka nuna wa mai shago da bakinka: "Alhaji, duk wanda zai taɓa kwamfutar nan, a fara kwafe wannan tukuna."

Kwafin ajiya kuma kada ka bar shi a hannun mutum, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk lokacin da za a rufe manhajar, ta yi kwafi zuwa Documents da kwanan wata a jikin sunan, ta riƙe bakwai na ƙarshe, idan akwai filash a jiki ta zuba masa shi ma. Yi amfani da `con.backup()`, wadda take cikin Python tun 3.7. Kwafe fayil ɗin kai tsaye yayin da ake rubutu a cikinsa yana iya ba ka kwafi gurgu, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ka buƙace shi. Filash ƙarami ya isa, bayanan shago na shekaru ba sa cika ko gefensa.

Sai maganar wuta. Laftof ɗin shago sau da yawa batirinta ya daɗe da mutuwa, ana ɗauke wuta take mutuwa nan take. Ciniki ɗaya kuwa rubutu uku ne ko huɗu: a rubuta rasit, a rage kaya, a ƙara bashi. Idan kana yin `commit`, wato tabbatar da rubutun a fayil, bayan kowane ɗaya, wuta na iya tafiya a tsakani, rasit ya fita kaya ba su ragu ba. Zuba su duka ƙarƙashin `with con:` guda ɗaya. Ko dai su shiga gaba ɗaya, ko kuma babu wanda ya shiga. In ka ga wani fayil mai suna shago.db-journal a gefe bayan ɗaukewar wuta, kada ka share shi, da shi SQLite take mayar da komai daidai idan aka sake buɗewa.

Akwai wani ƙaramin batir kuma a cikin kwamfutar, irin CR2032, mai riƙe agogo. Idan ya mutu, kwanan wata yana komawa shekarun baya, cinikin yau ya faɗa can, rahoton wata ya fito da giɓi. Ka sa manhajar ta kwatanta ranar yau da ranar ciniki na ƙarshe duk lokacin da ta tashi. In ta ga agogo ya koma baya, ta ƙi karɓar ciniki sai an gyara. Kwanan wata kuma ka adana shi shekara, wata, rana, kamar 2025-03-09, domin a haka ne kaɗai yake jeruwa daidai.

Kuɗi ba a ajiye shi da ɗigo. Buɗe Python ka rubuta `0.1 + 0.2`, za ta ba ka 0.30000000000000004. Ka gwada `int(19.99 * 100)`, za ka sami 1998, pesewa ɗaya ta faɗi (pesewa ɗari ce sidi ɗaya, kuɗin Ghana). Ka adana komai a pesewa, lamba cikakkiya: sidi 19.99 ya zama 1999. Abin da aka rubuta a akwati ka juya shi da `int(Decimal(rubutu) * 100)`, sai wajen nunawa kaɗai za ka raba da 100. Kuma tun da aka canza kuɗi a 2007, tsoho 10,000 ya koma sidi 1, har yau dattawa da yawa da tsohon lissafi suke magana. Hajiya za ta ce miliyan biyu, tana nufin sidi 200. Yaron da bai saba ba zai iya buga sifili shida. Ka sa manhajar ta tsaya ta tambaya idan farashi ya ninka wanda aka saba sau goma.

Sunayenmu ma suna karya manhaja. Wanda ya haɗa umarnin SQL ta hanyar liƙa rubutu da rubutu, ranar da Sa'adatu ko Mas'udu suka karɓi kaya bashi zai ga "syntax error", domin alamar da ke tsakiyar sunan ita ce SQL take ɗauka ƙarshen rubutu. Kada ka ce za ka cire alamar daga sunan mutum. Rubuta haka:

```
con.execute("INSERT INTO bashi (suna, kudi) VALUES (?, ?)", (suna, kudi))
```

Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da ɛ da ɔ na sunayen Asante, da alamar sidi ₵, duk SQLite tana riƙe su lafiya. Inda suke tayar da rigima shi ne wajen fitar da fayil: `open()` a Windows ba UTF-8 take ɗauka da kanta ba, sai ka ga "charmap codec can't encode character". Sa `encoding="utf-8"` a kowane `open`, idan kuma Excel ce za ta buɗe fayil ɗin, `utf-8-sig`. Ƙananan firintocin rasit masu takarda milimita 58 galibi ba su san ₵ ba, alamar tambaya suke bugawa. Rubuta GHS kawai. Layinsu kuma harafi 32 yake ɗauka, ka gutsure dogon sunan kaya kafin ya ture farashi zuwa layi na gaba.

Duk waɗannan ba za ka gan su ba idan ka haɗa da `--windowed`, domin baƙar tagar da kuskure yake fitowa babu ita. A danna maɓalli, babu abin da ya faru, shi ke nan. Layi biyu ne maganinsa, `root` a nan ita ce babbar tagar Tkinter:

```
logging.basicConfig(filename=gida / "kuskure.log", level=logging.INFO)
root.report_callback_exception = lambda *a: logging.error("kuskure", exc_info=a)
```

Daga nan idan aka kira ka, sai ka ce a turo maka kuskure.log ta WhatsApp. Ka tsira da kuɗin mota daga Aboabo zuwa Suame, da rabin yini a cunkoso, don ganin abin da layi ɗaya zai gaya maka.

Idan taga tana sandarewa har Windows ta rubuta "Not Responding", aiki mai nauyi ne ka ɗora wa maɓalli, ko firinta ce ake jira. Tura aikin cikin `threading.Thread`, ya ajiye sakamakonsa a `queue.Queue`, taga kuma ta riƙa leƙawa da `root.after(100, ...)`. Kada aikin bayan fage ya taɓa Tkinter da kansa, kuma ya buɗe nasa `connect` ɗin dabam. In kuwa rahoto ne kawai yake jan ƙafa, kafin ka je ga wannan duka, sa `CREATE INDEX` a kan kwanan wata ka gani.

Wajen haɗawa, ka bar `--onefile` gaba ɗaya. Tana jinkirin tashi a tsohuwar na'ura, kuma antibairos ya fi yawan kama ta da zargin da ba ta ji ba ta gani ba. Haɗa da `--onedir`, ka naɗe foldar da Inno Setup, mai haɗa fayil ɗin girkawa. Kada ka kashe wa mutane antibairos, filash nawa ne yake shiga kwamfutar shago a mako? Idan za ka ƙara sabon shafi a tebur daga baya, riƙe lambar tsarin a `PRAGMA user_version`, sabuwar manhaja ta duba ta ta yi `ALTER TABLE` da kanta bayan ta ɗauki kwafin ajiya. In an ce kwamfuta biyu za su yi aiki tare, kada ka raba shago.db ta foldar haɗin gwiwa, "database is locked" da lalacewar fayil ne ƙarshensa. Wannan aikin PostgreSQL ne, rumbun bayanai da kwamfutoci da yawa suke iya amfani da shi tare, kuma kuɗin aikin dabam ne, ka faɗa tun farko.

Kafin ka miƙa, nemi kwamfutar da ba a taɓa saka mata Python ba, ka shiga da sunan da ba shi da ikon shugaba. Girka manhajar, ka sayar wa Sa'adatu kaya na sidi 19.99 bashi, ka buga rasit, ka rufe, ka kashe kwamfutar, ka kunna, ka duba ko bashin yana nan. Sannan ka share shago.db da hannunka, ka dawo da shi daga kwafin da ke Documents, mai shago yana zaune kusa da kai yana kallon inda kake dannawa.