Yadda Ake Zaɓen Ƙadangare ko Maciji Mai Sauƙin Kiwo a Gida

Wanda yake son fara kiwon dabbobi masu jan ciki, ko ƙara wani a kan waɗanda yake da su, ya kamata ya amsa tambayoyi uku kafin kyawun launin fata ya ja hankalinsa: me dabbar take ci, wane irin zafi da haske take bukata, kuma shekara nawa za ta yi a raye. Waɗannan dabbobi jikinsu ba ya samar da ɗumi da kansa, saboda haka lafiyarsu ta dogara ne kacokan a kan akwatin da aka tanadar musu, kuma yawancin cututtukan da ke kama su a gida daga kuskuren zafi, haske ko abinci suke tasowa.

A cikin ƙadangaru, wadda na fi ba sabon mai kiwo shawarar farawa da ita ita ce tsaka mai zanen damisa, wadda masana ke kira Eublepharis macularius, kuma asalinta busassun yankunan Afganistan, Pakistan da arewa maso yammacin Indiya ne. Tsawonta yawanci ba ya wuce santimita 28, ba ta iya hawa gilashi saɓanin yawancin tsaka, kuma tana sabawa da hannu idan aka bi ta a hankali. Abincinta ƙwari ne masu rai, irin su gyare da tsutsa, waɗanda ake barbaɗa wa garin kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kafin a ba ta. Tana bukatar gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyos, ɗaya gefen ya fi sanyi, tare da maɓoya mai danshi da za ta shiga lokacin saɓa, domin idan tsohuwar fata ta maƙale a yatsunta tana iya tsinke su. Kada a kama ta ta wutsiya, don tana yar da ita idan ta firgita. Tana yin shekara 15 zuwa 20, wanda alkawari ne mai tsawo da ya kamata mutum ya auna tun farko.

Tsaka mai tukku ta tsibirin Sabuwar Kaledoniya da ke kudancin Tekun Pasifik, wadda aka ɗauka ta ƙare a duniya har aka sake gano ta a 1994, ta dace da wanda ba ya son yawan hulɗa da ƙwari, tunda ana sayar da garin abincinta da ake damawa da ruwa. Matsalarta ita ce zafi: ta fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 26, kuma abin da ya haura 30 yana iya hallaka ta, don haka wanda ɗakinsa ke zafi sosai ya haƙura da ita.

Ƙadangare mai gemu na Ostireliya ya fi kowanne natsuwa a hannu, amma ba na sa shi a sahun farko wajen sauƙi. Yana kai santimita 60, yana son akwati mai tsawon santimita 120 aƙalla, da wurin shan ɗumi mai kusan digiri 40, da fitilar UVB, wato mai ba da wani nau'in haske irin na rana, wadda dole a riƙa sauya ta ko da tana ci, saboda ƙarfin haskenta yana raguwa da lokaci. Idan babu wannan haske jikinsa ba zai iya sarrafa kalsiyam ba, sai ƙasusuwa su yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su kasa ɗaukarsa.

A ɓangaren macizai kuwa, macijin masara na kudu maso gabashin Amurka shi ne mafi sauƙi. Ba shi da dafi, yawanci ba ya wuce mita ɗaya da rabi, kuma babbansa ɓera ɗaya yake ci a mako ɗaya zuwa biyu. Ana ba shi ɓeran da aka daskarar sannan aka narkar, domin mai rai yana iya cizonsa ya ji masa rauni. Wanda ransa ba zai ɗauki ajiye ɓeraye a firiza ba, maciji ba nasa ba ne. Gwani ne wajen tserewa, saboda haka murfin akwatinsa ya zama mai makulli. Ƙaramar mesa mai dunƙulewa ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ita ma tana da sanyin hali, sai dai takan ƙi cin abinci na tsawon watanni, tana bukatar danshi mai yawa, kuma tana iya kai shekara 30. Hawainiya da koren iguwana, wanda ke kusantar mita biyu idan ya girma, a bar wa ƙwararru.

Bayan an tsayar da shawara, a haɗa akwatin a kunna shi na kwanaki kafin dabbar ta iso, a sa wa duk abin ɗumamawa na'urar daidaita zafi, a kuma auna gefe biyun da ma'aunin zafi. A sayi wadda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, domin wadda aka kamo daga daji takan zo da tsutsar ciki da tsoro, kuma a tabbatar dokar ƙasa ta yarda da ajiye irinta. A duba idanu su kasance garau, baki da hanci babu majina, jiki a cike, babu ƙananan baƙaƙen ƙwari suna yawo tsakanin ɓawon fata, sannan a tambayi mai sayarwa ranar da ta ci abinci na ƙarshe da abin da ta ci.

Idan akwai wasu masu jan ciki a gida, a keɓe sabuwar a wani ɗaki na wata biyu zuwa uku da kayan aikinta daban, kuma ko bayan haka kowace ta zauna a akwatinta. A nemi likitan dabbobi da ya san masu jan ciki tun kafin ciwo ya zo. A riƙa wanke hannu da sabulu bayan taɓa dabbar ko akwatinta, saboda suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai jawo gudawa da zazzaɓi, ko da suna cikin ƙoshin lafiya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu raunin garkuwar jiki su ne suka fi kamuwa da ita.