Kafin ki tambayi "na nawa ya zo?": yadda ake karanta takardar sakamakon ɗan nazare

Ranar da muke raba takardun sakamako a ƙarshen zango, tambaya ɗaya ce ke tarar da ni tun a bakin ƙofar aji: "Malama, na nawa ya zo?" Na shafe shekaru ina koyar da 'yan shekara huɗu zuwa shida a Kano, kuma ba na ganin laifin uwar da ta yi wannan tambaya, domin haka aka yi mana mu ma. Amma lambar nan ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin duk abin da ke jikin takardar. Da iyaye mata nake magana domin su ne suka fi zuwa karɓa, sai dai maganar ta shafi iyaye maza ma.

A gidanmu na fara ganin haka da idona. Ƙanwata ta zo min da ɗanta mai shekara biyar, tana murna ya zo na ɗaya, an ba shi 96 a karatu. Ta ce, "Yaya, gwada shi ki gani." Na yagi bayan kwalin taliya na rubuta m na miƙa masa. Ya kalli kwalin, ya ɗaga kai sama, sai ya kama waƙar A, B, C tun daga farko, yana satar kallon fuskata ko zan nuna masa inda zai tsaya. Waƙar ta zauna masa daram, amma harafin bai san shi ba. Yaron bai yi laifin komai ba. Jarrabawar da aka yi musu ita ce su jero haruffa daga A zuwa Z, kuma ya jero. Hadda aka auna, aka rubuta karatu.

To idan takarda ta shigo hannunki, fara da wurin da ba a cika dubawa ba: kwanakin da makaranta ta buɗe da kwanakin da yaro ya halarta. Zango ɗaya bai cika wuce sati goma sha uku ba, kwana sittin da 'yan kai ke nan. Zangon farko kuma yana faɗowa ne a ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Wanda ya rasa kwana goma sha biyar ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na darussan, kuma a ajinmu sati guda na iya zama sautin haruffa biyu ko uku da bai taɓa ji ba. Sannan ki tuna watan haihuwarsa. A aji ɗaya za ki samu wanda ya girmi wani da wata goma sha ɗaya. A wurin babba ba komai ba ne, a wurin ɗan shekara biyar kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na rayuwarsa. Jera irin waɗannan yara a ce wannan na uku, wancan na ashirin, bai gaya miki komai game da kan ɗanki ba.

Makin kansa yawanci kashi biyu ne: gwaje-gwajen cikin zango da jarrabawar ƙarshe, wasu makarantun 40 da 60, wasu 30 da 70. Duba su daban-daban. Idan na cikin zango ya yi kyau na jarrabawa ya faɗi, sau da yawa tsoro ne ko rashin lafiyar rana ɗaya. Idan kuma aikin gida yana cikin lissafin, ki tambayi kanki gaskiya wa ke yin aikin, domin mun san rubutun yayye idan mun gani. Kada ki tsallake sashen ɗabi'u da ke gefe, inda ake sa maki a kan sauraro, riƙe fensir, magana da wasa da 'yan aji. A wannan shekarun yaron da ke iya zama ya saurari labari har ƙarshe ya fi kwantar min da hankali a kan wanda ya ci maki ɗari a kwafar allo.

Yanzu ga ainihin abin da nake so ki iya: ki gwada shi da kanki, a tabarma, cikin minti goma. Ba ni na ƙirƙiro hanyar ba. Akwai gwajin karatun ƙananan yara da ake kira EGRA, wanda cibiyar bincike ta RTI da ke Amurka ta tsara a 2006 da tallafin USAID, hukumar raya ƙasashe ta Amurka. An yi shi da Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013, kuma abin da ya fito ya tayar da hankali: mafi yawan yaran ƙananan azuzuwan firamare da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, alhali suna zuwa makaranta ana kuma ba su sakamako. A gwajin ana zama da yaro shi kaɗai, a ba shi takarda mai haruffa 100 a cakuɗe, a ƙirga nawa ya faɗi sautinsu daidai cikin minti ɗaya, sai gaɓoɓi, sai kalmomi, sai ɗan gajeren labari da tambayoyi. An yi shi ne don 'yan firamare, kuma don auna tsarin koyarwa baki ɗaya. Saboda haka ki ɗauki tsarin matakan, ki bar agogon. Ɗan shekara biyar ba a sa masa agogo.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tsani: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, kafin a kai ga haɗa kalma. Malam ba ya wanke wa yaro allo don kawai ya iya rera abin da na kusa da shi ke rerawa, sai ya nuna da yatsa. Haka za ki yi.

Mataki na farko babu takarda ma. Kunne za ki gwada. Ki ce, "Da wane sauti kalmar masara ta fara?" Idan ya ce "mmm", madalla. Idan ya ce "ma", ya kama hanya, domin yaran Hausa da gaɓa suke fara ji. Ku tafa gaɓoɓin sunansa tare, ko na tu-ma-tir, ko na a-ga-de. Daga nan ki ba shi 'yar tatsuniya ta Gizo da Ƙoƙi, jimla biyar ko shida, ki yi masa tambaya uku: wa ya tafi, me ya samo, me ya sa aka kore shi. Yaron da ya amsa waɗannan yana da fahimta, ko da bai san harafi ko ɗaya ba tukuna, kuma wannan jari ne babba.

Sai haruffa. Ki yanka kwali ƙanana, ki rubuta ƙananan haruffa da alƙalami mai kaurin rubutu, ɗaya a kowane kati, ki cakuɗa su kamar karta. Ƙananan nake cewa domin su ne suka cika littafi, amma manyan aka fi liƙawa a bangon aji. Ki ɗaga ɗaya-ɗaya ki ce, "Me wannan yake cewa?" Wanda ya sani ki ajiye dama, wanda ya yi shiru ki faɗa masa ki ajiye hagu, ba faɗa, ba "ai na koya maka jiya". Idan goma na farko duk sun tafi hagu, ki tsaya haka nan, ki yaba masa, ku tashi. Masu EGRA ma haka suke yi, ba sa ci gaba da azabtar da yaro.

A nan akwai abin da ke rikita iyaye sosai, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Harafi yana da suna, yana kuma da sauti. Sunan m a Turanci "em" ne, sautinsa "mmm". Da sauti ake karatu. Yaron da ya san suna kaɗai zai ga kalma mai harafi uku ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya kasa haɗa su su zama magana. Makarantu da yawa yanzu suna bin tsarin Jolly Phonics da ya fito daga Ingila, mai sautuka 42, wanda ba ya farawa da a, b, c, sai da s, a, t, i, p, n, domin da waɗannan shida ana iya haɗa kalmomi tun satin farko. Idan haka ake yi a makarantar ɗanki, kada ki damu don bai san z ba a zangon farko. Ki tambayi malamarsa waɗanne aka koyar, ki gwada shi a kan su.

Ki kuma san da wane harshe kike gwaji. Harafin c a Hausa shi ne na ci da ciki, a darasin Turanci kuwa ana koya masa cewa "k" yake faɗi. Idan kin nuna masa ya ce "k", bai yi kuskure ba, abin da aka koya masa ya ba ki. Haka ɓ, ɗ, ƙ da ts: makarantar da Turanci zalla take yi ba za ta nuna masa su ba, sai ke. Idan ya furta p kamar f, harshen uwa ne, ya gane harafin, kuma ni ba na rage wa yaro maki a kan wannan. Juya b da d ma abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai. Wanda yake zuwa Islamiyya da yamma yakan fara layi daga dama wani lokaci, ki sa yatsa ki nuna masa inda boko ke farawa, zai daidaita.

Idan katunan dama sun kai goma da wasula a ciki, ki haɗa biyu: b da a, ki ga ko "ba" za ta fito. Sai ba, bi, bu a cakuɗe. Sai kalmomi masu gaɓa biyu irin su gida, rago, kaza. Sannan gwajin da na fi yarda da shi: kalmar da babu ita, kamar nuki ko lisu. Ki gaya masa tun farko cewa sunan wasa ne, ba shi da ma'ana. Wadda ba a taɓa ji ba ba ta haddatuwa, don haka idan ya karanta ta, to da gaske yana haɗa sauti. Idan bai kai nan ba, babu abin tashin hankali. Shekara ɗaya ta share fagen firamare, wadda manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta shigar cikin ilimin bai-ɗaya, an yi ta ne don shirya yaro, ba don ya fito yana karanta jarida ba.

Abin da kika gani ki rubuta a bayan takardar sakamakon da kwanan wata: haruffa kaza ya sani, ya haɗa gaɓa ko bai haɗa ba, ya amsa tambaya biyu cikin uku. Da wannan za ki je wurin malama, ba da faɗa ba. Bayan gaisuwa ki ce, "Malama, Allah ya saka da alheri. Waɗanne sautuka kuka yi a zangon nan, kuma waɗanne ne suka zauna masa? A jarrabawar karatu me aka ce su yi, shi kaɗai ya amsa ko tare da 'yan aji? Wane abu ɗaya zan riƙa yi masa a gida?" Ki roƙa a nuna miki littafin aikinsa na farkon zango da na ƙarshe ki ajiye su gefe da gefe. Bayanin da muke rubutawa a ƙasan takarda, irin "ya yi ƙoƙari, a ƙara himma", yawanci gajere ne domin yaran suna da yawa, amma malamar da ta san aikinta za ta ji daɗin waɗannan tambayoyin, kuma za ta faɗa miki abin da bai shiga takarda ba.

Akwai inda nake cewa kada a jira. Yaron da sai an ɗaga murya yake juyowa, ko kunnensa ke yawan zubar da ruwa, ko yake manna fuska a littafi yana ƙanƙance ido, a kai shi asibiti a duba ji da gani kafin a ce ba ya ganewa. Haka wanda aka shafe zango biyu ana bitar sautuka biyar da shi kullum amma ko ɗaya bai zauna ba, ko wanda ya kai shekara biyar baƙo ba ya gane maganarsa. Waɗannan suna bukatar a zauna da malama da likita, kuma bulala ba ta gyara ko ɗaya daga ciki, sai dai ta sa yaro ya tsani littafi.

Ɗan ƙanwata kuwa, ranar nan haruffa huɗu ya ajiye a dama. Muka zuba katunan a gwangwanin madara, uwarsa ta riƙa fito da uku-uku bayan sallar magariba, minti biyar kafin a ci tuwo. Bayan sati shida ta sake gwada shi, ta kira ni a waya tana cewa, "Yaya, yau ya haɗa ka da za da kansa, ya tsaya, ya ce kaza, ya ruga waje yana neman ta."