Darasi na 9: Motar Beljiyam da Malejin da Aka Juya

Duk wanda ya taɓa shiga kara sayen rago ya san abin da ake fara yi. Mai rago zai ce maka, "Wannan shekararsa biyu." Ba ka yi masa musu, ba ka kuma miƙa kuɗi. Sai ka kama ragon, ka buɗe bakinsa, ka dubi haƙora. Haƙoran ne za su gaya maka ko matashi ne, ko tsoho ne aka yi wa wanka da sabulu.

Mota ma tana da haƙora. A wannan darasi za mu koyi inda suke.

Mene ne maleji?

A gaban direba, bayan sitiyari, akwai allura mai nuna gudun mota. Ita ake nufi idan an ce direba ya ƙure maleji. A kusa da ita akwai wasu ƙananan lambobi, galibi guda shida a jere. Su ne ke ƙirga dukan tafiyar da motar ta yi tun daga ranar da ta fito daga kamfani. Su ma maleji ake ce musu, kuma su ne zancenmu yau. A motoci da yawa za ka ga an rubuta ODO a gefensu. Idan TRIP ka gani, wannan na tafiya ɗaya ne, direba yana iya mayar da shi sifili da ɗan maɓalli, ba laifi ba ne. Na ODO ne bai kamata kowa ya taɓa ba.

Motocin da muke kira Beljiyam, ko tokumbo, ko 'yan Kwatano, an hau su a wata ƙasa kafin su zo mana. Wasu daga Amurka da Kanada suke, wasu daga Jamus ko ita Beljiyam ɗin. Jirgin ruwa ke sauke su a Legas ko Kwatano ko Lome. Motar Amurka da mil take ƙirga tafiya. Ta Kanada da ta Jamus da kilomita. Mil ɗaya ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi, wato 1.6. Saboda haka motar da ta yi mil 100,000 ta yi kilomita 160,000 ke nan. Ka fara tambaya: wannan lambar mil ce ko kilomita?

Mota mai ƙaramin maleji ta fi tsada, domin ana ɗauka injinta da giyarta ba su gaji ba. Nan ne kwaɗayi ke shigowa. A tsofaffin motoci sai an kwance agogon malejin an murza lambobin da hannu, kuma sau da yawa sukan fito a karkace, wata ta ɗan yi sama, wata ƙasa. Na yanzu lambobin wuta ne, mutane suna zaton ba sa taɓuwa. Suna taɓuwa. Mai na'ura zai jona ta a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, ko ya cire agogon ya sake rubuta abin da ke cikinsa, ko ya ɗauko agogon wata motar ya sa. Kafin shayi ya huce, mil 190,000 ta koma 70,000.

Ba a nan kaɗai ake yi ba. Tun 1972 dokar Amurka ta haramta juya maleji, amma hukumar kula da lafiyar tuƙi ta ƙasar, NHTSA, ta ƙiyasta cewa ana sayar da motoci fiye da 450,000 kowace shekara da malejin ƙarya. Ita kuwa Beljiyam, wadda muka sa wa motocin sunanta, tun 2006 ta fito da wata takarda mai suna Car-Pass. Wanda zai sayar wa mutum tsohuwar mota a ƙasar dole ya ba shi ita, ya ga tarihin malejin. To, motar da ta ƙetare teku ta bi hannu huɗu ko biyar fa? Wataƙila can aka juya, wataƙila a bakin ruwa, wataƙila a garinku. Wani lokacin shi kansa dillalin da ke rantse maka, rufe shi aka yi.

Mu karanta wannan misali

Wani malamin firamare ya yi ritaya, an biya shi kuɗin sallama. Ya yi niyyar sayen Corolla ya ba ɗansa ya riƙa haya. Ya tafi wurin masu sayar da motoci tare da ɗan ƙanwarsa, wanda bakanike ne. Shekarar 2025 ce, motar kuwa ƙirar 2010.

Dillali ya buɗe ƙofa ya ce, "Malam, leƙa ka gani da idonka. Mil 60,000 kacal. Wata tsohuwa ce ke hawanta a Amurka, daga gida sai kasuwa."

Malam ya ce, "Allah ya ja kwanan tsohuwa, Alhaji. Bari yaron nan ya duba."

Yaro ya ce, "Kawu, kai da ka koyar da lissafi, daga 2010 zuwa 2025 shekara nawa?"

"Goma sha biyar."

"Raba 60,000 gida goma sha biyar."

"Dubu huɗu ke nan a shekara."

"To, mutumin Amurka yakan yi mil 12,000 ko fiye a shekara. In mun bi wannan, ya kamata mu ga wajen 180,000."

Dillali ya ce, "Ai na gaya muku tsohuwa ce."

Yaro bai ce komai ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin sitiyari. Robar birki ta cinye ta gefe ɗaya har ƙarfe ya leƙo. Ya shafa sitiyari, ya ji shi sumul kamar taɓarya. Ya danna kujerar direba, ta lotsa, ta kusa da ita kuwa tana nan daram. Sannan ya buɗe bonet. A gefen injin akwai wata 'yar takarda manne, baƙin mai ya ɓata ta. Ya goge da babban yatsa. An rubuta ranar da aka canza mai, da malejin ranar: 171,400.

Ya ce, "Kawu, karanta."

Malam ya karanta, ya dubi dillali ya ce, "Alhaji, tsohuwar nan kasuwarta da nisa."

Haƙoran mota

Kun ga yaron bai yi gardama da kowa ba. Lissafi ya fara yi, kuma lissafin nan ba ya cin ko kwabo. Cire shekarar ƙira daga shekarar da muke ciki, ka raba maleji da abin da ya fito. Idan amsar ta yi ƙasa ƙwarai, ba hujja ba ce tukuna, domin akwai motocin da da gaske ba a hau su sosai ba. Amma dalili ne na buɗe ido.

Daga nan sai wuraren da jikin direba ke taɓawa kullum: robar birki da ta totur da ta kuloci, sitiyari, kan giya, gefen kujera inda ake zamewa a fita, maɓallan gilashi, da bel ɗin ɗaure jiki. Mota mai mil 60,000 ba ta cinye waɗannan ba. A kula kuma da akasin haka. Tsohuwar mota da sabuwar robar birki fil, ko sitiyarin da aka yi wa sabuwar riga, tambaya ce: me aka rufe? Ɗaga rigar ka gani. Dubi kusoshin da suka riƙe agogon, ko akwai alamar sukudireba ta taɓa su.

Taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. A gefenta nemi haruffan DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Motar da aka ce shekararta uku, mil 20,000, amma tayunta huɗu kowace da kamfaninta da shekararta, akwai magana.

Masu juya maleji sun fi mantawa da takardu. Gareji a Amurka yakan manna 'yar takardar canjin mai a saman gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko a jikin ƙofa, ko cikin bonet. Bincika aljihun gaban mota, da ƙarƙashin kujeru, da wurin safaya. Tsohon rasit guda ɗaya ya isa ya tona asiri.

In da hali, ka je da mai na'urar duba mota. Wasu motocin suna ajiye maleji a wuri fiye da ɗaya, mai juyawa ya gyara na agogo ya bar na cikin ƙwaƙwalwar injin. Kuma bakaniken ya zama naka. Wanda dillali ya kira maka, la'ada yake jira.

Lambar shasi

Wannan ita ce shaidar da ta fi ƙarfi, sai mu daɗe a kanta. Kowace mota tana da lambarta ita kaɗai, haruffa da lambobi guda 17, tun daga 1981. Ana ce mata VIN. Tsaya a waje ta ɓangaren direba, ka leƙa ƙasan gilashin gaba, za ka gan ta. Tana kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Kwafe ta a takarda a hankali. Babu harafin I, ko O, ko Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Ƙirga da yatsa, ka tabbata 17 ne. Ka gwada ta gilashi da ta ƙofa da ta takardar kwastan. Dole su zama ɗaya. Idan sun saɓa, ba maganar maleji ake ba kuma, kama hanyar gida.

Na farko a layin yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, J Japan, W Jamus. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka da Kanada, na goma yana nuna shekarar ƙira. Lamba 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009. Daga nan A ita ce 2010, B 2011, C 2012, D 2013, haka har gaba. Wannan yana da amfani, domin akwai masu canza wa mota fitilu da bamba su ƙara mata shekaru a baki.

Da wannan lambar, ɗanka ko wani mai waya zai iya neman tarihin motar a intanet. Kamfanoni irin su Carfax da AutoCheck suna sayar da rahoton motocin Amurka, inda ake ganin malejin da aka rubuta a lokuta daban-daban. Idan a 2021 an rubuta 150,000, yau kuma agogo yana cewa 60,000, ka gama bincike. Da yawa daga motocin nan an sayo su ne a gwanjon Copart ko IAA, inda ake sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Sau da yawa rubuta lambar kawai a Google yakan fito da hotunan ranar gwanjo, har da hoton agogon. Ka nemo rahoton da kanka. Takardar da aka buga aka miƙo maka, ita ma ana iya yi mata abin da aka yi wa agogo.

Ranar biya

A nan dole a faɗi wata gaskiya: mu masu saye muna da hannu. Da mun ga lamba ta haura 100,000 sai mu juya baya, shi ya sa mai kawowa ke rage ta. Alhali Corolla ko Camry da ta yi mil 170,000 ana kula da ita tana iya yin shekaru tana aiki. Cutar ita ce ka biya kuɗin yarinya a ba ka tsohuwa, kuma ka yi ta tuƙi ba ka san lokacin canza bel ɗin injin ko man giya ya wuce ba, sai ta tsaya maka tsakanin Zariya da Funtuwa da dare. Idan ka gano malejin gaskiya kuma motar lafiyayya ce, kana iya saye, amma a farashin malejin gaskiya.

Kada ka ba da kafin alƙalami sai an gama dubawa. A takardar ciniki a rubuta lambar shasi, da shekarar ƙira, da malejin da ke agogo, da wannan jimla: "Mai sayarwa ya tabbatar ba a taɓa maleji ba. Idan aka gano an taɓa, zai karɓi motarsa ya mayar da kuɗi." Shaidu biyu su sa hannu. Ɗauki hoton agogon a ranar. Wanda ya ƙi yarda a rubuta, ya ba ka amsa.

Idan sai bayan saye ka gane, kada ka kwance komai. Tara hujjojinka, ka koma wurin mai motar da shaidunka. A shari'ar Musulunci, wanda aka ɓoye wa aibin kaya yana da zaɓin mayarwa, kuma ɓoyewar algus ce. In bai saurara ba, akwai shugabannin ƙungiyar masu sayar da motoci na wurin, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, akwai kotu.

Aikin aji da na gida

1. Mota ƙirar 2015 tana nuna mil 30,000 a shekarar 2025. Mil nawa ke nan a shekara? Me za ka tambayi dillali?
2. Mil 50,000 kilomita nawa ne?
3. An rubuta 0821 a ƙarshen layin DOT. Yaushe aka yi tayar?
4. Dillali ya ce motar Amurka ce ƙirar 2013, amma na goma a lambar shasi 9 ne. Wace shekara ce ƙirarta?

Kafin zama na gaba, kowa ya nemi izinin wani mai mota a unguwarsu, ya kwafo lambar shasinta, da malejinta, da lambobi huɗun taya ɗaya. A zo da su a rubuce, za mu karanta su tare a allo.