Yadda ake shigar da bayanin jaririn da aka haifa da tawaya

Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti kusa da Aboabo a Kumasi, kuma da ke nake, ƙanwata da kika fara aiki kwanan nan.

Tun 2012 hukumar lafiya ta Ghana take tattara rahoton asibitoci a manhajar DHIMS2. Abin da kika rubuta a rajistar haihuwa shi ake ƙirgawa a ƙarshen wata a shigar, shi kuma manya suke gani a Accra. Wanda ba ki rubuta ba, a wurinsu ba a haife shi ba.

Kafin ki taɓa kwamfuta, ki duba jaririn daga maɗiga har tafin ƙafa. Ki buɗe bakinsa ki haska ganɗa, domin tana iya tsagewa alhali leɓe lafiya lau. Ki kifa shi ki bi gadon bayansa da yatsa, ki tabbatar dubura a buɗe take, ki ƙirga yatsu.

Kada ki rubuta "yana da matsala". Ki faɗi abin da idonki ya gani: leɓe ya tsage ta hagu, ko ƙafa biyu sun lanƙwashe ciki. Da irin wannan bayani ne ake samo lambar da ta dace a kundin ICD-10 na lambobin cututtuka na duniya, inda tawayar haihuwa take tsakanin Q00 da Q99. Ƙullutun gadon baya, misali, Q05 ne.

Wanda bai zo da rai ba shi ya fi ɓace mana, kuma abin yana damuna ƙwarai. Mutanenmu ba sa jinkirta jana'iza, haka addini ya koyar. Ki yi wa iyaye ta'aziyya, ki nemi izini cikin ladabi, ki duba shi kafin a naɗe. Waɗanda aka haifa a gida kuwa sai bayan suna ake kawo su awo, to ki tuɓe su a nan ki duba.

Hoto sai uwa ta yarda, kuma kada ya shiga WhatsApp, sirrinsu amana ce. In an ɗauke wuta ki cika takarda, a shigar da zarar ta dawo. In za ki tura yaro babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ki sa lambar littafin awon uwar a takardar, kada a ƙirga shi sau biyu.

Sai ki tambayi uwar yaushe ta fara shan folik asid, ƙwayar da ke taimakawa wajen hana tawayar lakar baya. Bututun lakar baya yana rufewa cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun ɗauka ba. Ki rubuta amsarta yadda ta faɗa.