Yadda Za Ka Gane Baiwarka, Ka Kuma Sa Ta Aiki a Ikilisiya

A majami'un Jos akwai masu bi da yawa da suka yi shekaru suna roƙon Allah ya nuna musu baiwarsu, alhali ko aiki ɗaya ba su taɓa ɗauka sun gwada ba. Addu'a ce farko, babu musu. Amma baiwa a bakin aiki take bayyana, kuma jama'a ne suke tabbatar da ita.

Fara da karatu. Wurare huɗu ne suka jera baye-baye: Romawa 12:6-8, 1 Korantiyawa 12, Afisawa 4:11 da 1 Bitrus 4:10-11. Za ka ga jerin sun bambanta, ka kuma ga cewa kusa da annabci da koyarwa an sa taimako, bayarwa, jinƙai da iya shugabanci. Aikin hannu ma yana da gurbi. A Fitowa 31 an cika Bezalel da Ruhun Allah domin aikin zinariya, azurfa, tagulla da sassaƙa, Dokas ta Yafa kuwa da ɗinki ta yi hidima. Don haka tela, kafinta, nas da mai gyaran wuta kada su ce ba su da rabo.

Sai ka ɗauki takarda ka amsa tambayoyi uku. Wane abu ne mutane suke nemanka dominsa ba tare da ka yi talla ba? Wane aiki ne yake gajiyar da jikinka amma bai taɓa gundurarka ba? Wane giɓi ne a ikilisiya yake damunka, wasu kuwa ko a jikinsu? Ta ukun ta fi tona asiri. Wanda ya lura wata gwauruwa ta yi Lahadi uku ba ta zo sujada ba, da alama jinƙai ne rabonsa. Wanda hankalinsa ya tashi don an karanta rahoton kuɗi lissafi bai daidaita ba, wajen ma'aji ya kamata ya nufa.

Daga nan ka je wurin mutum uku da suka san ka: ɗaya daga gida, ɗaya dattijo ko uwar zumunta, ɗaya abokin aiki. Bar aminin ka, zai faɗa maka abin da kake so ka ji. Kada kuma ka ce "mece ce baiwata?", amsar za ta zama yabo kawai. Ce masa, "Baba, wane aiki ne za ku danƙa mini hankalinku kwance, wanne ne kuma ba za ku ba ni ba?" Inda bakin mutum biyu ya zo ɗaya, nan za ka fara.

Gwajin kansa wata uku ne, aiki ɗaya tak. Ka bi ta hannun shugaban ƙungiya, ko kwaya ce, ko Zumuntar Mata, matasa, Sabon Rai (ƙungiyar masu bishara) ko makarantar Lahadi, ka faɗa masa gwaji ka zo yi, don fita ba ta zama rigima ba. Watan farko tsoro ne yake rufe iyawa, na biyu koyo ne, a na uku gaskiya take fitowa. Ko Bulus cewa ya yi a fara gwada masu hidima tukuna (1 Timoti 3:10).

Kowane aiki da ma'auninsa. Idan yara kake koya wa, aya ɗaya da darasi ɗaya sun isa, cikin minti ashirin. Mako mai zuwa ka tambaye su abin da aka koya. In rabinsu sun tuna, kana kan hanya. In kai kaɗai ka ji daɗin darasin, wa'azi ka yi, ba koyarwa ba.

Tafinta aiki ne da ake rainawa a Jos, inda ake haɗa Hausa da Turanci a sujada ɗaya, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Jin harsuna biyu bai isa ba. Ka karɓi nassosin mai wa'azi tun ranar Asabar, ka sa alama a Littafi Mai Tsarki na Hausa, don in ya karanta aya ka karanto ta yadda take, ba ka ƙirƙiro taka fassarar ba. Ka roƙe shi ya riƙa tsayawa bayan jimla ɗaya ko biyu. Muryarka kada ta fi tasa, kada kuma ka ƙara gishiri. Tafintan da jimlarsa ta ninka ta mai wa'azi tsawo, mimbari yake nema.

Kuɗi kuwa, duk amincinka, kada ka ƙirga baiko kai kaɗai. Mutum biyu ko uku, a rubuta jimla nan take, kowa ya sa hannu, a kai banki ranar aiki ta farko. Ziyarar marar lafiya minti goma zuwa sha biyar ce: gaisuwa, aya gajeriya, addu'a, sai sallama. Abin da ka ji a ɗakin a nan zai tsaya, kada ya koma "batun addu'a" a taron mako.

Bayan wata uku ka zauna da shugaban ka tambaye shi: an amfana? Na ƙaru? Ina karɓar gyara? In biyu daga ciki a'a ne, ka yi godiya ka gwada wani wuri. Wannan ba faɗuwa ba ce. Abin da aka hukunta bawan nan a kansa a misalin Yesu na Matiyu 25 shi ne binne talanti ɗayan, wato kuɗin da aka ba shi.

Abubuwan da suka fi kashe baiwa sanannu ne. Akwai son makirufo, inda kowa ke rububin waƙa da wa'azi, shara da jera kujeru kuwa babu mai so. Akwai ɗora wa mai himma ɗaya kwamiti biyar har gidansa ya rasa shi. Aiki biyu sun ishi mai iyali. Manzanni ma da rabon abinci ya yi musu yawa, mutum bakwai aka zaɓa aka danƙa musu (Ayyukan Manzanni 6). Mafi muni shi ne baiwa babu hali: mai murya mai daɗi da ba ya zuwa koyon waƙa, amma ranar Lahadi shi ne a gaba. Shugaban da ya bar wannan don tsoron kada ya koma wata majami'a, sauran mawaƙan zai rasa.

In baiwar ta tabbata, sai a wasa ta kamar wuƙa. Mai koyarwa ko wa'azi da yake jin kira yana da makarantun tauhidi irin su JETS a cikin Jos da TCNN a Bukuru, amma ya fara shawara da fastonsa da dattawa, domin ikilisiya ce za ta ba da shaida a kansa. Kuma tun shekarar farko ka ɗauki ƙarami ɗaya ya riƙa tsayawa kusa da kai, ka bar masa aikin sau ɗaya a wata, kana zaune kana kallo, ka yi masa gyara a keɓe bayan an tashi.