Yadda na gyara kuskuren GLIBCXX a Spack

Spack manhaja ce ta ginawa da girka wasu manhajoji. Matsalar ta fito ne a wata saba (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) ta ɗakin bincike a nan Kano, mai Ubuntu 22.04. An harhaɗa manhaja da GCC 13.2, kwamfaila mai mayar da rubutun lamba ya zama manhaja, da aka ajiye a /opt, ta ginu lafiya lau, amma da an kunna ta sai ta ce GLIBCXX_3.4.32 not found.

Laifin ba na manhajar ba ne. Kwamfaila yana da nasa libstdc++, wato laburaren C++ da GLIBCXX ke nuna sigarsa, kuma abin da ya gina na iya neman wannan sigar. Da umarnin ldd, mai nuna laburaren da manhaja ke ɗauka, na ga manhajar tana ɗaukar libstdc++ ta tsarin Ubuntu, a /usr/lib/x86_64-linux-gnu, wadda ta tsaya a 3.4.30. Umarnin strings tare da grep GLIBCXX ya tabbatar.

Mutane da yawa sai su cusa LD_LIBRARY_PATH, saitin da ke nuna wa tsarin inda zai nemi laburare. Yana aiki, amma faci ne, gobe wata manhajar za ta karye.

Abin da na yi: spack install gcc@13, sannan spack compiler find a kan wurin da spack location -i gcc@13 ya nuna, na sake gina manhajar da %gcc@13. Tun daga Spack 0.22 akwai kunshin gcc-runtime da ke kwafe waɗannan laburare, a ɗaure manhajar da su ta RPATH (adireshin laburare da ake rubutawa a cikin manhajar), ko an goge kwamfailan tana tashi.

Gina GCC na cin sa'o'i, a tabbata injin inbata ya cika kafin a ɗauke wuta. Idan RAM ba ta wuce giga 8 ba, a sa -j4 a umarnin spack install, don a taƙaita ginin ga ayyuka huɗu a lokaci guda.